DARASI NA WANNAN WATA: IN LAGIRETON MOTAR ƘUNGIYA YA FARA YOYO



A farkon daminar da ta wuce, ran wata Talata, mun shigo Kaduna da motar wata ƙungiyar gama kai ta manoman ekklesiya daga wajen Pambeguwa, domin ɗaukar taki da irin masara. Motar Hilux ce mai ja da ƙafa huɗu, ta hannu ce aka saya. Tun sati uku kafin ranar direba yake ƙara mata ruwa kowace safiya, bai kuwa gaya wa kowa ba, gama a ganinsa ruwa ba kuɗi ba ne. Muka yi lodi, muka kama hanyar gida wajen ƙarfe uku. Talata ranar kasuwar Kawo ce, motoci sun cushe, muna tafiya kamar hawainiya. Kafin mu wuce gada allurar zafi ta hau ja, tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet. Direba ya tsaya. Yaron mota, da niyyar taimako, ya sa tsumma ya murɗa murfin lagireto. Ruwa ya yi tsalle ya ƙone masa hannu har gwiwar hannu.

Kwana huɗu motar ta yi a gareji. Takin ya isa ƙauye bayan an yi ruwa biyu masu kyau, waɗansu har sun shuka irin da suka samu a kasuwa. Yaron ya yi wata guda bai riƙe fartanya ba. Da aka buɗe, sai aka tarar tsagar da ta jawo wannan duka ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna a kan wannan magana. Ba muna so kowane manomi ya zama makanike ba ne. Amma kwamitin da ke riƙe da motar jama'a, tilas ya san abin da ake yi mata, ya san abin da yake biya.

Aikin lagireto

Man da inji ke ƙonawa, ba duka ke zama ƙarfin tafiya ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ruwa ne ke kwashe shi. Akwai hanyoyin ruwa cikin jikin inji kewaye da silinda. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, shi ke tura ruwan ya zaga. In ya ɗauki zafi sai ya fita ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya bi ta cikin siraran bututu masu yawa waɗanda aka haɗa da ƙananan faranti kamar saƙar zuma. Iskar tafiya da ta fanka suna ratsa saƙar, ruwan ya huce, ya koma inji ta tiyon ƙasa. Haka yake ta yi muddin inji na aiki.

Sai mu lura da murfin. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar murfin tulu, har mun taɓa ganin an toshe bakin lagireto da totuwar masara da leda. Murfin nan yana da sifirin a ciki, aikinsa ya riƙe ruwan a matse. A bakin teku ruwa yakan tafasa a digiri 100. A Kaduna, da yake muna kan tudu kimanin mita 600, yakan tafasa wajen digiri 98, a Jos kuwa wajen 96. Amma ruwan da aka matse da murfi mai lamba 0.9 ba zai tafasa ba sai ya kai kusan digiri 118. Wannan shi ne abin da ya sami yaronmu. Ruwan ya riga ya wuce digiri 100 yana kwance shiru saboda matsi. Da aka buɗe, matsin ya tafi, ruwan duka ya tafasa gaba ɗaya.

Haka kuma ƙaramar huda take yin ɓarna biyu. Tana zubar da ruwa, tana kuma sakin matsi, har ragowar ruwan ya tafasa da wuri.

A tabbata tukuna lagireton ne

A nan ne kuɗin ƙungiyoyi ke yawan salwanta. Ruwa na raguwa, sai a ce lagireto, a saya, a sa, bayan sati ruwa na nan yana raguwa.

Da yamma a ajiye motar a busasshen wuri, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, da safe a duba inda ya ɗiga. A bi tiyon sama da na ƙasa da hannu, inji yana sanyi. Tiyon da ya kumbura, ko ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa, ko ya bushe yana tsattsagewa, ya gama aiki. A duba bakin kowane kilif. A duba robar murfi. A leƙa ƙarƙashin famfon ruwa: akwai wata 'yar huda da aka yi masa da gangan, in ruwa na fita ta nan, famfon ne ya mutu. Inda ruwa ya daɗe yana tsatsafowa yakan bar tabo, fari ko kore ko ja, bisa ga irin ruwan da ke ciki. A lagireto kansa, wurin da ya fi yoyo shi ne inda tanki ya haɗu da saƙa, da wuyan da tiyon sama ke shiga, da kusurwoyin ƙasa inda laka ke kwana.

Makanike mai kayan aiki yana da wani ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska. Cikin minti biyar yoyon zai nuna kansa. A garejojin Kaduna ana samun masu shi, a tambaya.

Akwai kuma yoyon da ba a gani a ƙasa, shi ne mafi muni. In gasket na kan inji ya ƙone, ruwa yakan shiga silinda ko ya gauraya da baƙin mai. Alamunsa ke nan: baƙin mai ya koma kamar shayi da madara a jikin sandar gwaji ko a ƙarƙashin murfin mai, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa ko bayan inji ya yi zafi, kumfa tana tasowa a bakin lagireto ba fasawa, tiyon sama ya yi tauri kamar taya jim kaɗan bayan an ta da inji da safe. In an ga waɗannan, sabon lagireto ba zai yi magani ba, yana iya ma fashewa. Sau da yawa abu biyun tare suke zuwa: yoyo ya sa inji ya yi zafi, zafi ya ƙone gasket. Motarmu Allah ya taimaka direba ya kashe ta da wuri, gasket bai taɓu ba.

Gyara ko sakewa?

Ya dangana ga irin lagireton.

Tsofaffin Land Rover da mishan suka bar wa ekklesiyoyi da asibitoci da dama, irin Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, da tsofaffin Land Cruiser, lagiretonsu na jan ƙarfe ne da tagulla, an haɗa da dalma. Irin wannan yana gyaruwa. Mai gyaran lagireto zai narkar da dalma ya cire tanki, ya zura siririn ƙarfe cikin kowane bututu ya fitar da datti, ya like huda, ya mai da tanki. In bututu ɗaya ko biyu sun lalace yana iya toshe su, motar ba za ta ji ba. Amma in an toshe da yawa, an rage wa lagireto ƙarfi ke nan. In kuma ka shafa saƙar da yatsa ka ga tana marmashewa kamar busasshen ganye, kada a ɓata dalma. Sai a sake saƙar a bar tankunan, ko a nemi wani. Kamfanin Land Rover ya daina ƙera tsohon samfurin Defender a 2016, amma kayan gyaransu ba su ɓace ba, kuma masu sana'ar ƙarfe irin na Panteka sun daɗe suna raya waɗannan motoci.

Motocin baya-bayan nan kuwa, kamar Hilux da aka fara fitarwa a 2005, saƙarsu ta alminiyam ce, tankunan na baƙar roba, an danne su da haƙoran ƙarfe a kan wata robar. Ba su da nauyi, suna sanyaya ruwa da kyau. Amma roba tana tsufa da zafi. In ka ga tankin sama ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, ya kusa. In ya tsage a wuri ɗaya, sauran jikin ma ya gaji. Gam na iya kai ka gida, ba zai kai ka kaka ba. Namu a wuyan tiyon sama ya tsage, an taɓa shafa masa gam sau biyu kafin ƙungiya ta sayi motar.

Da aka zauna shawara, ma'ajin ƙungiya, dattijo ne mai tsantseni, ya ce mana, "Malam, kuɗin nan na takin mutane ne. A like mana shi, in an yi girbi a sake." Muka ce, "Baba, gaskiyarka, kuɗin ba namu ba ne. Amma injin ma ba namu ba ne." Muka kira makanike ya faɗi kuɗin lagireto, ya kuma faɗi kuɗin sauke inji in ya buga. Baba ya yi shiru, ya buɗe jaka. Ba mu ga laifinsa ba ko kaɗan. Ma'ajin da ba ya tambaya, shi ne abin tsoro.

Sai maganar dabarun hanya. Kowa ya ji su: ɗanyen ƙwai, garin rogo, barkono, taba, sabulu. Gaskiya ne waɗansu sukan toshe ƙaramar huda na ɗan lokaci. Amma ƙwai ba ya da ido. Yadda ya toshe hudar, haka zai toshe siraran bututun da ruwa ke bi, ya je ya kwanta cikin inji. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. In dare ya yi maka a dajin da bai kamata a kwana ba, kamar hanyar Birnin Gwari, ba za mu ce kada ka yi abin da zai fitar da kai ba, rai ya fi inji. Amma ka faɗa wa kwamiti abin da ka zuba, a wanke da wuri.

Saye

A tafi da tsohon lagireto a hannu, da lambar shasi a rubuce. Mu ba mu yi haka ba da farko. Muka faɗi sunan mota kawai a wani shago cikin gari, aka ba mu wanda ƙafafunsa ba su zauna a ramin ba, muka ɓata yini guda wajen mayarwa. A Kaduna ta arewa yawancin masu neman kayan mota Ori Apata suke nufa. A je da makaniken da aka amince da shi, da mutum ɗaya na kwamiti, a karɓi rasit.

A jera sabo da tsoho a ƙasa. A gwada tsawo da faɗi da kauri, a duba wajen da bakunan tiyo suke da girmansu, a duba ƙafafu da ramukan kusoshin gidan fanka. Mota mai giyar otomatik tana da ƙananan bututu biyu a tankin ƙasa inda man giya ke shiga ya huce. Lagireton mai giyar hannu ba ya da su, ba zai yi mata ba. Motar da ke shiga daji da kaya tana son saƙa mai kauri, in akwai wadda za ta shiga ba tare da ta taɓa fanka ba.

In na hannu za a saya, wanda ake ce wa Beljiyam, kada a yarda da ido. A toshe bakunansa, a hura masa iska kaɗan da famfon keke, a nutsa shi cikin baho, kamar yadda mai faci ke yi wa tib. Kumfa ba ta ƙarya. A leƙa cikin bakin kuma, in akwai laka ja ko farin ɓawo, a bar musu kayansu.

Tun da za a zubar da ruwa, a sayi sabon murfi mai lamba daidai da ta tsohon, da tiyon sama da na ƙasa, da kilif masu kyau. Kada a ɗaure tiyo da waya ko robar tib. Kada kuma a sa murfi mai lambar da ta fi ta motar, gama zai matsa wa tanki da tiyo fiye da ƙarfinsu.

Cirewa

Aikin safe ne, inji ya kwana bai yi aiki ba. Kayan aiki ba su da yawa: sifana lamba 10 da 12 ga motocin Japan, filaya, sukundireba, baho mai faɗi, mazurari, tsumma. Tsofaffin Land Rover kusoshinsu na awon inci ne, sifanar Japan tana cinye musu kai.

A ja birkin hannu, a sa dutse a taya. A cire wayar batir ta wajen alamar ɗebewa, domin kada wani ya murɗa makulli hannu yana cikin fanka. A cire farantin ƙarfe na ƙarƙashin inji in akwai. A sa baho, a buɗe murfi, a kwance ɗan famfon da ke gindin lagireto. Na roba ne, a bi shi a hankali. In ya ƙi, a cire tiyon ƙasa, amma a kauce, ruwan da ƙarfi yake zuwa.

Daga nan a kwance kilif, a cire tiyon sama, da na ƙasa, da siririn da ke zuwa gorar roba ta gefe. Tiyon da ya manne, a murɗa shi hagu da dama tukuna kafin a ja. Kada a sa sukundireba a ɓanɓare shi daga bakin inji, ana ƙwarzane wurin ya riƙa yoyo har abada. In za a sake shi, a tsaga shi da wuƙa kawai. In otomatik ce, a cire bututun man giya, a toshe bakinsu da tsabtatacciyar leda, ƙura kada ta shiga.

A kwance gidan fanka a tura shi baya wajen inji. A waɗansu motoci sai an kwance fankar an fitar da su tare. Sa'an nan a kwance kusoshin da ke riƙe da lagireto, mutum biyu su ɗaga shi sama a miƙe. In motar tana da iyakwandishan, akwai wata saƙa dabam a gaban lagireto. Ba a kwance bututunta, gas ne a ciki a matse. A tsohuwar Land Rover kuwa sai an fara cire ragar gaba. Kowace kusa a sa ta cikin kwano. Wanda ke da waya ya ɗauki hoto kafin a taɓa kome, ya fi gardama daga baya.

Kafin a sa sabon, a wanke cikin inji. A zura ruwa mai tsabta ta bakin sama, ya fita ta ƙasa, a yi ta yi har ya fito garau. Namu da ya fara fitowa kamar ruwan rafi ne bayan ruwan farko. Wanda ya sa sabon lagireto a kan wannan laka, cikin wata kaɗan ya mai da shi tsoho.

Maganar tamostat

A nan za mu saɓa da makanikai da yawa, muna kuwa girmama su. Tamostat wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwa. In inji na sanyi tana rufe, domin ya yi ɗumi da sauri. In ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, a yawancin Toyota digiri 82, sai ta buɗe ruwa ya tafi lagireto. Al'adar garejinmu ita ce a cire ta a jefar, a ce ta ƙasar Turai ce mai sanyi. Amma masu ƙera motocin nan suna sayar da su a ƙasashen Larabawa da suka fi mu zafi, da tamostat a ciki. Injin da ba ya da ita yakan daɗe bai yi ɗumi ba, balle da safiyar hunturu, ya sha mai da yawa, ya ci kansa da wuri. A mota mai kwamfuta, kwamfutar tana ganin inji da sanyi sai ta riƙa ƙara mai. Har wa yau, a injuna da dama tamostat in ta buɗe tana rufe wata gajeriyar hanya. In babu ita, wani ruwan yana zagawa ta nan bai taɓa zuwa lagireto ba.

Abin da ke gaskiya cikin maganarsu shi ne, tamostat in ta mutu a rufe tana dafa inji. Maganin wannan gwaji ne. A ɗaura ta da zare a sa cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa za a ga ta buɗe baki. In ya tafasa tana rufe, a sayi sabuwa.

A duba fanka kuma. Yawancin motocin nan fankarsu tana da wani kulli a tsakiya mai wani mai a ciki, wanda ke kama ta da ƙarfi in zafi ya yi yawa. Bayan tafiya, inji a kashe, a juya ta da hannu. Ya kamata a ji tana da nauyi. In ta yi ta juyawa sakaka, kullin ya mutu, kuma ita ce irin motar da ke lafiya a kan titi amma ta yi zafi cikin cunkoso. A duba fambel, in ya tsattsage a sake.

Sawa da cikawa

A ciro robobin ƙafa daga tsohon a sa wa sabon. In sun mutu a sayi waɗansu. Su ne ke shanye girgizar hanyar ƙauye, in babu su ƙarfe na bugun ƙarfe har wata tsaga ta fito. A sauke lagireto a hankali, kwali a jikin saƙar don kada fanka ta lanƙwasa ta. A ɗaure kusoshi daidai, ban da ƙarfin tuwo a kan roba. A mai da gidan fanka. Mun san direbobi suna ƙinsa don yana tare hannu, amma shi ke sa fanka ta jawo iska ta cikin saƙa maimakon ta gefe. A juya fanka da hannu a tabbata ba ta taɓa kome. A sa tiyo har gindi, kilif ya zauna bayan ɗan tudun da ke bakin bututu.

Wane ruwa za a zuba? Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna da gishirin ƙasa. Ku dubi cikin butar mai shayi, farin ɓawon nan shi ne zai yi cikin bututun da bai kai kaurin karan tsintsiya biyu ba. Ruwan rafi kuwa laka ne. Kuma ruwa zalla yana cin ƙarfe da alminiyam. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan, ko da yake a Turai don hana daskarewa aka fi saninsa, a wurinmu amfaninsa hana tsatsa ne da kare famfon ruwa. Akwai wanda aka riga aka haɗa, a zuba shi yadda yake. Akwai mai kauri, a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid. In babu, ruwan sama da aka tara a tsabtataccen baho aka tace ya fi na rijiya. Kada a gauraya iri biyu dabam. Motocin nan suna cin tsakanin lita 7 da lita 11 bisa ga irin injin, a duba littafin motar.

Muna roƙo a ji wannan da kyau: ruwan nan mai launi dafi ne, kuma yana da zaƙi. Kaɗan ya isa ya kashe ƙodar yaro ko kare ko akuya. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo. Tsohon da aka tara a baho kada a bar shi a tsakar gida, kada a zubar kusa da rijiya ko inda kaji ke kiwo. A sa a jarka a rufe, a bar shi a gareji. In yaro ya sha, asibiti nan take, ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi.

Wajen cikawa, gaban motar ya ɗan hau tudu. In akwai hita a murɗa ta wajen zafi. A zuba a hankali, ana matsa tiyon sama da hannu iska ta fita. In ya cika, a mai da wayar batir, a ta da inji murfi a buɗe, a tsaya gefe, hannu da riga nesa da fanka. Bayan minti goma ko fiye tiyon sama zai yi zafi, ruwan ya faɗa ƙasa: tamostat ta buɗe ke nan. A ƙara, a jira kumfa ta ƙare, a rufe murfi, a cika gorar gefe zuwa tsakanin layi biyu. Iskar da aka bari a ciki tana sa inji zafi ko da kome sabo ne. In otomatik ce, a gwada man giya.

Mu da muka gama, mun tafi Rigachikun muka dawo ba kaya, ido a kan allura, muka leƙa ƙarƙashi. Washegari da safe muka buɗe muka ƙara wajen rabin lita, wannan ba abin tsoro ba ne a rana ta farko. Aka ƙara ɗaure kilif. A rana ta uku bai ragu ba, sa'an nan muka yi lodi.

Bayan an koma ƙauye

Motar daji tana da abokan gaba da motar gari ba ta sani ba. Da kaka, 'ya'yan ciyawa da ƙaiƙayi suna cika saƙar ta gaba har iska ba ta wucewa. Da damina laka ce, ta bushe ta zama bango. A wanke daga baya zuwa gaba, wato daga wajen inji, da ruwa marar ƙarfi. Injin wankin mota yana kwantar da farantan. Wajen ƙetare rafi, a shiga a hankali da giya ta ƙasa. In ruwa ya kai fanka tana gudu, fikafikanta sukan lanƙwashe gaba su yanki saƙar. In rafi ya kawo, a jira ya sauka.

Lodi kuma. An ƙera Hilux don kaya wajen tan ɗaya, wato buhu 20 na taki mai kilo 50, kuma nauyin mutanen da ke ciki yana cikin lissafin. Ran da muka lalace, buhu 26 ne a baya, da mutum biyar. Wannan laifinmu ne, ba na direba ba, mu muka ce a haɗa tafiya biyu ta zama ɗaya. A watan Maris da Afrilu, da zafin Kaduna ke wuce digiri 35, irin wannan lodi ya isa ya tona kowane ƙaramin ciwo.

In allura ta fara hawa a hanya, a kashe iyakwandishan, a sauka gefe. In tururi na fita a kashe inji nan da nan. A ɗaga bonet, a jira aƙalla rabin sa'a, har a iya riƙe tiyon sama a ji ya yi laushi. Sa'an nan a rufa murfi da tsumma mai kauri, a murɗa shi rabi, iska ta fita, kāna a buɗe, fuska a gefe. Kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan inji na iya tsagewa ko ya karkace. In wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja ko baƙin mai. A Kawo mutanen kirki sun kawo mana duka huɗun.

A taronku na gaba muna so ku tattauna wannan: wa ke duba ruwa da mai kowace safiya, kuma wa yake gaya wa? In direba ya kawo rahoton ƙaramin ciwo, yabonsa ake yi ko faɗa? Namu ya ce ya yi shiru ne domin wancan karon da ya ce taya ta suɗe, an ce yana neman na cefane. Ƙungiyar yanzu ta sa littafi cikin mota, ana rubuta ranar da aka ƙara ruwa da yawansa, sakatare yana sa hannu kowace Lahadi bayan sujada. Sun kuma yarda a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowace tafiya a ajiye dabam don gyara, ba a ranta wa kowa.

Tsohon lagireto kada a bar shi a gareji, kayan ƙungiya ne. Masu sayen ƙarfe suna auna shi da kilo, na jan ƙarfe ya fi na alminiyam kuɗi nesa. Abin da aka samu a namu an sa shi cikin kuɗin maganin yaron.